Malam, hoton handawut ba rubutu ba ne: yadda za ka tura darasi ta intanet ya kai ga kowane ɗalibi

Wani ɗalibina makaho ne ya tare ni a ƙofar ofis wata safiya cikin sanyin Disamban Jos, irin sanyin nan da ko hannu ba ka son cirewa daga aljihu, ya ce "Malam don Allah handawut ɗin da aka tura a guruf, wayata ba ta karanta komai a ciki." Na ce ai PDF na tura. Ya ce e Malam PDF ne, amma hoton takarda ne a ciki. Ashe tun farkon zango abokin ɗakinsa ne yake karanta masa da daddare a Unguwar Rogo, ran da abokin ya gaji ko ya tafi gida hutun mako to ranar babu karatu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ni a tunanina na gama nawa tunda na tura. Daga ranar na fara koyon abubuwan da zan faɗa muku a nan, kuma yawancinsu ba sa buƙatar ko sisi, kawai dai yadda ka saba haɗa fayil ne za ka canja.

Sai ka fara sanin yadda makaho yake karatu a waya da kwamfuta, in ba haka ba sauran bayanin ba zai zauna maka ba. Akwai manhajar da take karanta masa abin da ke kan sikirin da murya. A Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver, dukkansu a cikin wayar suke zuwa. A kwamfuta akwai JAWS mai tsada, akwai kuma NVDA wadda kyauta ce, wasu makafi biyu ne 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta, an fara aikinta a 2006. Duk waɗannan rubutu suke karantawa, harafi na gaske da aka buga da kibod. In ka ɗauki takarda a hoto da kyamarar waya, ko ka kai bizines senta aka yi maka sikanin, to a wajen manhajar wannan shafin da hoton bikin suna duk ɗaya ne. Kai mai ido kana ganin haruffa, ita fanko take gani.

Gwajin kuma ba wuya. Buɗe fayil ɗin ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ka danne, ko a kwamfuta ka ja maus a kanta. In kalmar ta haskaka ita kaɗai har za ka iya kwafe ta, rubutu ne. In shafin gaba ɗaya ya zaɓu ko babu abin da ya motsa, hoto ne. Ko ka danna Ctrl da F ka nemi wata kalma da ka tabbata tana ciki, in aka ce babu to ka san inda matsalar take.

Maganin da ya fi kowanne sauƙi shi ne ka tura fayil ɗin Word ɗin da kansa. Na san wasu malamanmu ba sa so, wai kar yara su kwafe ko su canja, to ai ba sai ka tura wa aji duka ba, ka tura wa wanda yake buƙata shi kaɗai. In kuma takardar ce kawai ta rage a hannunka, irin tsohon handawut da ya sha fotokofi tun zamanin da kake ƙaramin malami, ka yi mata sikanin mai kyau a miƙe da haske sosai, ka ɗora a Google Drive, ka danna dama a kan fayil ɗin ka buɗe shi da Google Docs, zai zaƙulo maka rubutun daga cikin hoton. Amma fa kar ka tura a haka, sai ka zauna ka bi layi-layi, don yana rikita lambobi da tebur da duk inda tawada ta dushe, kuma kuskuren lamba ɗaya a lissafi ya isa ya kayar da yaro a jarrabawa. In ya rikice da yawa gara kawai ka ba masu taifin su sake bugawa, sau ɗaya ne za ka biya, kuma fayil ɗin zai yi maka shekaru.

Yanzu ga inda kusan kowa yake kuskure ba tare da ya sani ba, wato kanun rubutu. Mu yadda muka saba, in za mu rubuta "Babi na Biyu" sai mu ƙara wa haruffan girma mu yi musu kauri mu ja layi a ƙasa, shi ke nan ya zama kai. A ido ya zama kai, amma manhajar ba ta san haka ba, a wajenta layi ne kamar kowane layi. Ka yi tunanin an ba ka kaset na awa uku an ce ka nemo inda aka yi maganar wani abu guda, babu gaba babu baya sai ka saurara daga farko, to haka ɗalibin yake fama da handawut mai shafi 40 da ba shi da kanu. A Word, a saman nan cikin Home akwai Styles, ka sa maus a layin ka danna Heading 1 in babban kai ne, Heading 2 in ƙaramin kai ne a ƙarƙashinsa, kar ka tsallake daga 1 zuwa 3 don kawai kalar ta ukun ta fi burge ka, kala da girma duk za ka iya canja su daga baya. Da ka yi haka, mai NVDA harafin H kawai zai riƙa dannawa yana tsalle daga kai zuwa kai har ya iso inda yake so. Kai ma ka huta, don Word zai haɗa maka jerin abubuwan da ke ciki da kansa.

Tebur kuma a bar shi a sauƙaƙe, layin farko ya zama na kanu, kar a haɗe gidaje biyu uku su zama ɗaya, kar kuma a yi ta danna sifes don a jera kalmomi su yi kama da tebur. In za ka mayar da fayil PDF, ka bi ta Save As ka zaɓi PDF, ka shiga Options ka tabbata akwai alama a kan Document structure tags for accessibility. In ka bi ta hanyar firintin zuwa PDF, kanun da ka sha wahalar sawa sukan zube a hanya.

Sai hotuna da zane. Ba a ce kar ka sa hoto ba, amma kowane hoto mai ma'ana yana son bayani a bayansa. Danna dama a kan hoton, za ka ga inda aka rubuta Alt Text, ka shiga ka rubuta. Abin da za ka rubuta shi ne inda aikin yake. "Hoto na 3" ba bayani ba ne, "jadawali" ma ba bayani ba ne. Tambayi kanka, me ya sa na sa wannan hoton a nan, me nake so yaro ya gane daga gare shi? In jadawalin ruwan saman Jos ne, ka rubuta cewa ruwa yana farawa wajen Afrilu, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, ya ɗauke wajen Oktoba. In taswirar Filato ce da ƙananan hukumominta 17 kuma abin da kake son nunawa shi ne inda Mangu take, ka faɗi hakan da waɗanda take maƙwabtaka da su. In zanen yana da sarƙaƙiya, irin na zagayen jini ko na wayoyin lantarki, jimla biyu ba za su isa ba, sai ka rubuta cikakken bayani a ƙasan hoton a fili, za ka sha mamakin yadda masu ido ma za su fi ganewa. Hoton ado kawai, irin fulawa ko bajon makaranta, ka sa masa alamar ado a wuce. Lissafi kuma a buga shi da wajen rubuta lissafi na Word ɗin, a daina yanko hotonsa daga littafi ana mannawa.

Wannan ya shafi WhatsApp ma, kai nan ne ma ya fi yawa. A manna jadawalin jarrabawa a allon sanarwa, kilas ref ya ɗauka a hoto ya jefa guruf, kowa ya ce an gode, shi kuwa makahon ya ji wayarsa ta ce hoto. Ka faɗa wa kilas ref ɗinka duk hoton sanarwar da zai tura ya buga rana da lokaci da ɗakin a rubuce a ƙasa. Minti ɗaya ne.

Masu koyar da Hausa da Larabci ga naku. Akwai tsofaffin font na Hausa da ake amfani da su tun da, waɗanda a ido suna nuna ɓ da ɗ da ƙ amma a ciki wasu alamomi ne daban aka ara aka canja musu kama, shi ya sa in ka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar sai ka ga baka-biyu da tarkace a tsakiyar kalma. Manhajar tarkacen take karantawa. A yi amfani da haruffan gaske, kibod ɗin Hausa na Gboard yana da su. Ayoyi da baitocin Larabci su ma a buga su a rubuce maimakon hoto.

Ba kowane mai lalurar gani ne makaho ba, wannan sai da na daɗe kafin na lura. Akwai mai gani dishi-dishi, akwai 'yan uwanmu zabaya da yawancinsu idonsu ba ya son haske mai ƙarfi kuma ba sa ganin ƙananan rubutu, za ka ga yarinya ta kai waya har kan hancinta tana karatu. Su abin da suke so shi ne rubutu mai girma, 12 shi ne ƙarshen ƙanƙanta, 14 ya fi, wani sai 18, da font mara ƙawa irin Arial ko Verdana. A sulaid kar ka sauka ƙasa da 24. Kala kuma baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi, a bar ruwan ɗorawa a kan fari da ja a kan kore. Ƙa'idar WCAG, wato ta sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafukan intanet, da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar, ta ce bambancin hasken rubutu da na bango ya kai 4.5 a kan 1 ga rubutu na yau da kullum, akwai shafukan da suke auna maka kyauta. Kar kuma ka ce "waɗanda na rubuta da ja su za su fito a jarrabawa", akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, ka ƙara tauraro ko ka rubuta "muhimmi" a gefe. Rubutun ya jingina da hagu, kuma a rage buga jimla sukutum da manyan baƙaƙe, yana wahalar da masu matsalar da haruffa suke cakuɗe musu in suna karatu, waɗanda sau da yawa mu muke kira daƙiƙai alhali kwanyarsu ras take.

To sai kurame, kuma a nan babban laifin na saƙon murya ne. Malam yana tuƙi daga Bukuru zuwa gari, ya danna waya ya yi magana minti goma, a tsakiya ya ce af, tes ɗin Alhamis ya dawo Talata. Kowa ya ji banda ɗaliba kurma, ita sai ran Alhamis ta zo ta tarar an gama. Ni yanzu dokar da na sa wa kaina ita ce, duk saƙon murya yana tafe da rubutu, in ba zan iya rubuta duka ba to aƙalla rana da lokaci da aikin da aka bayar.

Bidiyo kuma yana son rubutu a ƙasa. In ka ɗora a YouTube zai yi maka na Turanci da kansa, amma kar ka yarda da shi ido rufe, harshenmu yakan rikita shi, sunayen garuruwanmu da kalmomin fanni yakan mayar da su wani abu daban, in kuma ka juya Hausa a tsakiyar lakca kamar yadda duk mukan yi to sai abin da hali ya yi. Shiga YouTube Studio ka gyara da hannu, bidiyon minti goma zai iya cin maka rabin awa ko fiye, shi ya sa na koma yin gajerun bidiyo, in rubuta abin da zan faɗa tun kafin in kunna kyamara. Wannan rubutun shi nake turawa a fayil daban, kuma abin mamaki waɗanda suka fi sauke shi su ne masu ji da gani da datarsu ba ta kai ta bidiyo. In kana ɗauka ka fuskanci kyamara, haske a fuskarka, kar ka zauna taga tana bayanka, kar ka juya allo kana magana. Amma kar ka dogara da cewa ɗaliba kurma za ta karanci leɓenka, kaɗan ake kamawa ta nan. In darasin kai tsaye ne a Zoom kuma akwai tafintan maganar hannu, a kafe hotonsa a sikirin kar ya ɓace duk sanda wani ya yi tari, ka tura masa sulaid da sababbin kalmomi tun kwana ɗaya kafin nan, kuma a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Ka sani kuma maganar hannu yare ce mai zaman kanta da nata nahawu, wadda ake koyarwa a makarantun kurame a Najeriya tana da tushe daga ta Amurka ta hanyar Andrew Foster, wani kurma baƙar fata da ya buɗe makarantun kurame a Afirka, ta kuma bambanta da maganar hannun da kuramen ƙasar Hausa suke yi a tsakaninsu. Wato Turancin handawut ɗinka yare na biyu ne ko na uku a wajen ɗalibar, don haka gajerun jimloli, a rage ƙawa.

A bidiyon nan dai, don makaho, ka daina "kun ga wannan, to shi ne ya shigo nan ya haɗu da wancan". Kira kowane abu da sunansa, ka karanta abin da ke kan sulaid da baki. Kuma kar a sa abu mai walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa.

Akwai wanda hannunsa ba ya riƙe maus, da kibod kaɗai yake aiki. Ka gwada shafin kwas ɗinka da maɓallin Tab da Enter kawai ka ga ko za ka iya kaiwa wajen tura amsa. Tambayoyin ja-ka-ajiye, irin waɗanda sai ka ja amsa da maus ka ajiye ta a gurbinta, a guje su. Tes mai ƙidayar lokaci kuma zalunci ne in an ba kowa minti 20 daidai, don mai sauraron tambaya da zaɓi huɗu ta murya ba zai yi saurin mai kallo ba. A Moodle, manhajar da makarantu suke ɗora darasi da tes a intanet, akwai wajen da za ka ƙara wa ɗalibi ɗaya lokaci ba tare da ka taɓa na saura ba, a cikin saitin tes ɗin ka nemi Overrides. Ɗalibi mai sikila da ciwo ya kwantar a asibiti shi ma rikodin ɗin lakca yake buƙata da ɗan sassaucin ranar miƙa aiki. Sunan fayil ya zama mai ma'ana, "Darasi na 4, Tsarin Sauti", ba jerin lambobin da kyamara ta sa ba, linki ma ka faɗi inda zai kai mutum maimakon "danna nan". Kuma ka tura da wuri, mako guda kafin darasi in da hali, don wanda zai kai a buga masa da rubutun makafi yana buƙatar lokaci, ga kuma wuta da ba kullum ake samu a yi caji ba.

Wani abokin aikina ya taɓa ce min ai wannan alfarma ce, in mutum ya samu lokaci ya yi. Ban yarda ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, a 2020 kuma aka kafa hukumarsu ta ƙasa a Abuja. Masu tsoron haƙƙin mallaka su ma su kwantar da hankali, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta duniya kan samar wa makafi littattafai a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta buɗe ƙofar mayar da littafi yanayin da makaho zai iya karantawa. JAMB tun 2017 take da kwamiti na musamman da yake shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Mu nan Filato ma ai ba baƙin abin ba ne, makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take, Jami'ar Jos kuma tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da ya daɗe yana yaye ƙwararru. Yaro ya tsallake duk waɗannan matakan ya iso ajinka, sai kuma hoton takarda ya tare shi, gaskiya ba daidai ba ne.

Kar ka yi wa ɗalibi zato, tambaye shi. Ba kowane makaho ne ya iya rubutun makafi ba, wanda ya makance da girma sau da yawa da murya kawai yake aiki, ba kuma kowane kurma ne ya iya maganar hannu ba. A farkon zango nakan tura saƙo ɗaya a guruf in ce duk mai buƙatar darasi ta wata hanya daban, ko manyan haruffa ko ƙarin lokaci, ya yi min magana ta gefe, ba sai ya yi dogon bayanin ciwonsa ba. Kar ka kira sunan kowa a guruf, kar kuma ka ce "saboda wance ne na rubuta wannan".

Kafin ka tura fayil, a Word ko PowerPoint shiga Review ka danna Check Accessibility, zai jero maka hotunan da ba su da bayani da sulaid ɗin da ba shi da kai da inda tsarin karantawa ya hargitse. Ba ya kama komai, amma yana kama da yawa. Sannan ko sau ɗaya ne ka kunna TalkBack a wayarka ka buɗe handawut ɗinka ka rufe ido, shafa dama yana kai ka abu na gaba, taɓawa sau biyu yana buɗewa. Tun kafin ka kunna ka saita gajeriyar hanyar kashewa, wato danne maɓallan ƙara da rage murya tare na ɗan daƙiƙu, don da zarar ta kunnu wayar ba za ta amsa taɓawa yadda ka saba ba. Kuma ba sai ka ce za ka gyara fayilolin shekara goma a dare ɗaya ba, ka fara da na makon nan, na mako mai zuwa kuma ka haɗa shi daidai tun daga layin farko.